Idan Muguwar Manhaja Ta Shiga Laftaf Ɗinka, Ga Abin da Za Ka Fara Yi

Ni da hannuna na buɗe mata ƙofa, wannan kam ba zan ɗora wa kowa laifi ba. Ina neman wata manhajar tace bidiyo mai tsada, sai na ci karo da wani yana nuna yadda ake samunta kyauta. Ga mahaɗin saukewa a ƙasa, fayil ɗin a dunƙule da kalmar sirri, har da ja-kunne cewa a kashe antibairos kafin a buɗe, wai don kada ya hana aiki. Na kashe, na danna. Wani baƙin akwati ya ɓullo a allo ya ɓace kafin ƙiftawar ido, ita kuwa manhajar ko buɗewa ba ta yi ba. Na ce ai fayil ɗin ne ya zo a lalace, na rufe laftaf na kwanta.

Bayan kwana biyu ƙanwata ta kira ni. "Yaya, kai ne ka turo mini saƙon nan na in zuba kuɗi a wata harka?" Ban turo komai ba. Kafin in gama duba wannan, sai ga imel yana sanar da ni an shiga asusuna daga wata na'ura da ban sani ba. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa. Daga baya na gane amfanin waccan kalmar sirri da aka sa wa fayil ɗin: antibairos ba ya iya leƙa cikin dunƙulen da aka kulle, shi ya sa ya wuce salin-alin.

Kuskuren da na tafka a ranar, wanda shi ya sa nake wannan rubutu, shi ne na shafe awa uku ina ta binciken kwamfutar da antibairos, alhali ɓarawon yana cikin imel ɗina yana abin da ya ga dama. Hankalina yana kan na'ura, shi kuwa ba na'urar ce ta dame shi ba. Yawancin miyagun manhajoji na yanzu ba ɓata kwamfuta suke zuwa yi ba. Irin su RedLine da Vidar da Lumma sata ce aikinsu: cikin 'yan daƙiƙoƙi su kwashe duk kalmomin sirrin da ka adana a birauza, da lambobin katin banki, da kukis, su aika, wasu ma su share kansu. Kukis ɗin nan su ne babbar matsala, domin su ne shaidar da ke gaya wa Gmail ko Facebook cewa ka riga ka shiga. Wanda ya mallake su yana iya wucewa ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ko lambar da ake turowa waya ba. A watan Mayun 2025 Microsoft ya ce ya gano kwamfutocin Windows sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal. Saboda haka tsarin da zan bayar a nan yana da jeri, kuma jerin shi ne rabin maganin.

Cire ta daga intanet tukuna

Da zarar ka yi zargin wani abu, kashe Wi-Fi, zare wayar intanet in akwai, cire duk filas ko hadis (wato hard disk, ma'ajiyar fayiloli) na waje da ke jikinta. Kada ka shiga banki ko imel da ita, ko da don ka duba ne kawai. Duk abin da ka buga a madannai yana iya tafiya.

Sannan ka ɗauki wata na'ura daban, wayarka ma ta isa, ka fara da imel. Imel ne uwar ɗaki, domin duk wanda ya riƙe shi zai iya danna "na manta kalmar sirri" a sauran asusunka ya karɓe su ɗaya bayan ɗaya. Canja kalmar sirri, sannan ka nemi inda aka jera na'urorin da suka shiga asusun, ka fitar da su gaba ɗaya. Wannan fitarwar ce ke kashe kukis ɗin da aka sata, kada ka tsallake ta. Akwai kuma wani lungu da mutane ke mantawa: saitin tura wasiƙu. Ni a nan na tarar an sa doka cewa duk wasiƙar da ta zo da kalmar "security" a jefa ta kwandon shara, don kada in ga gargaɗi. Duba ko an ƙara wani adireshin da ake karkatar da wasiƙunka, duba lambar waya da imel na farfaɗo da asusu ko naka ne har yanzu.

Daga nan sai banki, sai shafukan sada zumunta, sai duk inda ka taɓa danna "adana" lokacin da birauza ta tambaye ka. In ka taɓa adana lambar kati, kira bankinka a toshe shi a ba ka sabo. In kana amfani da WhatsApp ko Telegram a laftaf ɗin, shiga ta waya ka cire haɗin. Mai walat na kirifto a kwamfutar ya ɗauka an gama da wannan walat ɗin, ya buɗe sabo a na'ura mai tsafta ya kwashe abin da ya rage. Kuma ka sanar da 'yan uwa da abokai kada su amsa saƙon neman kuɗi da sunanka. Akwai kunya a faɗa, na sani, amma ta fi sauƙi a kan a damfari mahaifiyarka da hotonka.

Sai yanzu ka juyo kan laftaf.

Wace iri ce ta kama ka?

Ba duk nauyin kwamfuta ba ne cuta. Tsohon hadis, ƙura a fanka, ko shafuka talatin a buɗe duk suna sa ta ja ƙafa. Alamomin da nake ɗauka da gaske su ne waɗannan: fanka tana ihu alhali ba ka aikin komai, batir yana zuba, shafin farko na birauza ya canja da kansa, bincikenka yana bi ta wani injin da ba ka sani ba, antibairos ya mutu ya ƙi tashi, ko foldojin filas sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gindi.

Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe. Jera abubuwan da ke gudana bisa yawan ƙarfin da suke ci. In ka ga wani suna da ba ka gane ba yana cin kashi 80 ko 90 cikin ɗari, danna shi da maɓallin dama ka zaɓi buɗe inda fayil ɗin yake. Abin da ya ce shi na Windows ne amma yana zaune a foldar AppData ko Temp, to akwai lauje cikin naɗi. Wata dabara da na lura da ita a laftaf ɗin wani abokina: fanka tana ta gurnani, da mun buɗe Task Manager sai ta yi tsit, da mun rufe sai ta dawo. Manhajar haƙar kuɗin kirifto ce, an koya mata ta laɓe in ana kallo.

Akwai kuma wadda ba cuta ba ce ko kaɗan, tsoratarwa ce kawai. Saƙonni suna ta faɗowa a kusurwar allo da jan rubutu, wai an gano bairos biyar, danna nan. Wannan galibi wani shafi ne ka taɓa ba shi izinin turo sanarwa. Shiga saitin birauza, sashen izinin shafuka, ka share duk wanda ba ka sani ba, shi ke nan. In kuma shafi ya cika allo yana ƙara da lambar waya a kira, riƙe Esc ko ka kashe birauzar ta Task Manager. Microsoft ba ya sa lambar waya a saƙon gargaɗinsa. Wanda zai ɗauka in ka kira, so yake ka ba shi damar shiga kwamfutarka daga nesa.

Wanke ta

Kafin ka taɓa komai, in hadis ɗinka yana kulle da BitLocker, wato tsarin Windows na kulle hadis, nemo mabuɗin farfaɗowa mai lamba 48 ka rubuta a takarda. Yawanci yana cikin asusunka na Microsoft, kuma za ka iya dubawa ta waya. Wasu matakan da ke tafe suna iya sa kwamfutar ta tambaye shi, in ba ka da shi ka kulle kanka a waje.

Buɗe Windows Security, shiga sashen kariya daga bairos, ka fara duba jerin da ake kira Exclusions, wato wuraren da aka ce antibairos kada ya leƙa. Ni a nan jikina ya yi sanyi, domin na tarar an sa hadis ɗin C gaba ɗayansa a ciki. Awa ukun da na yi ina bincike ashe iska nake bugawa. Share duk abin da ba kai ka sa ba.

Daga nan ka zaɓi binciken da ake kira Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta mutu ta tashi cikin wani ɗan ƙaramin tsari na daban, ta bincika hadis kafin Windows ya farka. Hikimar ita ce, muguwar manhaja ba ta samu damar tashi ta ɓoye kanta ba. Kamar minti goma sha biyar yake ɗauka. Bayansa ina son jin ra'ayi na biyu, don haka nakan sauke Malwarebytes da AdwCleaner ta wata kwamfuta mai lafiya, in kawo su a filas. Na biyun ya ƙware a kan 'yan tallace-tallacen nan masu maƙalewa a birauza. In cutar ta hana su buɗewa, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, ka zaɓi Safe Mode. A can Windows yana tashi ne da abin da ya zama dole kawai.

Abu ɗaya: kada ka tara antibairos biyu ko uku masu gadi a lokaci guda. Junansu za su riƙa kamawa, kwamfuta ta yi nauyi, kariyar kuma ba ta ƙaru ba. Ɗaya mai gadi kullum, ɗaya da kake kira in buƙata ta taso.

Sai ka bi sawun inda take ɓuya don ta tashi tare da kwamfuta. Duba jerin manhajojin da aka ɗora, ka jera su bisa kwanan wata, ka cire duk baƙon da ya shigo a ranar da abin ya fara. Duba sashen Startup a Task Manager. Duba Task Scheduler, inda ake yawan dasa aiki mai suna kamar na sabunta birauza yana tashi duk bayan 'yan mintuna. Wanda yake da ɗan sabo da kwamfuta ya sauke Autoruns, kyauta ce daga Microsoft, tana baje duk waɗannan wurare a shafi ɗaya. Amma a nan a yi hattara, kada ka share abin da ba ka sani ba don kawai sunansa bai yi maka daɗi ba. Cire alamar da ke gefensa ya isa, in kuskure ne ka mayar. A birauza kuma ka cire duk wani ƙari da ba ka tuna sa shi ba, sannan ka mayar da saitin yadda ya zo.

Shi kuwa filas mai gajerun hanyoyi, fayilolinka suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna ko ɗaya daga cikin gajerun hanyoyin, domin dannawar ce ke tayar da cutar. Bincika filas ɗin da antibairos, sannan ka buɗe Command Prompt ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* kana mai sauya E da harafin filas ɗinka. Foldojin za su bayyana. Kwashe takardu da hotuna, ka yi wa filas ɗin fomatin.

Ga ra'ayina, kuma na san wasu masu gyara ba za su so shi ba. In talla ce kawai ta dame ka, wankin nan ya wadatar. Amma in ɓarauniya ce ta shiga, ko wadda ke ba wani damar sarrafa na'urarka daga nesa, to kada ka yarda da wanki. Antibairos yana gaya maka abin da ya gani ne, ba ya iya rantse maka a kan abin da bai gani ba, kuma irin waɗannan sukan gayyato 'yan uwansu. Ni na yi sati guda ina lallaɓa tawa, kullum da ɗar-ɗar in zan shiga banki, ƙarshe dai na share ta. Da tun ranar farko na yi. Kwashe takardu, hotuna da bidiyo zuwa hadis na waje, ka bar duk wani fayil mai ƙarewa da exe, msi, bat, scr ko vbs, musamman foldar da kake tara manhajoji. Samu filas mai girman gigabait 8 ko fiye, ka zuba masa Windows da Media Creation Tool, manhajar Microsoft ta wannan aiki, a kwamfuta mai lafiya, ka tayar da laftaf daga gare shi, ka share ɓangarorin hadis ka ɗora Windows sabo fil. Aikin yini ɗaya ne, yawancinsa jira.

Masu garkuwa da fayiloli

Wannan ita ce mafi ciwo. Ka buɗe laftaf ka tarar duk hotuna da takardu sun ƙi buɗewa, an maƙala wa sunan kowanne wata baƙuwar wutsiya, ga kuma wasiƙa a kowace folda ana neman kuɗin fansa. Wadda ta fi kama masu laftaf na gida ita ce STOP/Djvu, tana barin takarda mai suna _readme.txt, kuma hanyarta ita ce dai manhajojin sata. Sau da yawa tana zuwa da ɓarauniyar kalmar sirri a goye, don haka duk abin da na faɗa a sama ya hau kanka.

Antibairos zai iya cire cutar, amma ba zai buɗe fayilolin ba. Kada ka share su, kada ka canja musu suna. Kwafe su a hadis daban tare da wasiƙar fansar ka ajiye. Akwai shirin No More Ransom da 'yan sandan Holan da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016. Kana ɗora samfurin fayil a shafinsu, su gaya maka ko akwai mabuɗi kyauta. Wani lokaci mabuɗin yakan fito bayan shekaru, in an kama gungun, shi ya sa nake cewa a ajiye. Biya kuwa ba na ba da shawara. Ba ka da wanda za ka kai wa ƙara in sun karɓa sun yi shiru. Ka kuma yi hankali da masu bin ka a sharhi suna cewa sun san gwanin da zai buɗe maka, damfara ce a kan damfara.

Toshe ɓaraka

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ta fi yawa ita ce ƙin sabuntawa. A ranar 12 ga Mayun 2017 wata mai garkuwa da fayiloli da ake kira WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kusan 150, ta kama kwamfutoci sama da 200,000, har asibitocin Ingila suka soke ganin marasa lafiya dubbai. Abin takaicin, Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan ramin tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda suka sabunta ba ta taɓa su ba. Microsoft yakan fitar da irin wannan faci ranar Talata ta biyu a kowane wata. Na san sabuntawa tana cin data kuma tana zuwa daidai lokacin da kake sauri, amma ka bar ta ta yi, haka ma birauza. Ka kuma san cewa an daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Windows 10 kuma tun 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Laftaf ɗin da ba zai ɗauki Windows 11 ba, ɗora masa Linux, wani tsarin da ke maye gurbin Windows, ya fi masa alheri a kan zama a buɗe.

Na daina manhajar sata kwata-kwata, har da 'yan manhajojin nan na kunna Windows da Office ta bayan gida. Ba wa'azi nake ba, lissafi ne. Duk abin da ya ce ka kashe mai gadi kafin ya shigo, ya riga ya gaya maka ko shi wane ne. Kuma akwai na halak kyauta: LibreOffice don rubutu, GIMP don hoto, Shotcut ko DaVinci Resolve don bidiyo, VLC don kallo. In za ka sauke, rubuta adireshin kamfanin da kanka, ka tsallake sakamakon farko mai alamar talla, domin ɓarayi kan sayi wannan gurbin da sunan manhajoji sanannu.

Wani ɗan saiti da nake fara yi a kowace kwamfuta: a File Explorer, sashen View, kunna nuna wutsiyar sunan fayil. Windows yana ɓoye ta, shi ya sa fayil mai suna takarda.pdf.exe yake bayyana a matsayin takarda.pdf, har da hoton PDF a jikinsa. Fayil ɗin da kake shakka, ɗora shi a shafin VirusTotal, injunan antibairos kusan 70 su duba shi. Sai dai kada ka ɗora takardar sirri a can, domin masu bincike suna iya ganin abin da aka ɗora.

Akwai wata sabuwar dabara da ta yi ƙamari tun 2024, kuma ta kusa kama ni duk da abin da na gani a baya. Shafi zai ce ka tabbatar kai mutum ne, sai ya umarce ka ka danna maɓallin Windows da R, sannan Ctrl da V, sannan Enter. Abin da ba ka sani ba, ya riga ya kwafa maka wani umarni a ɓoye, kai ne za ka liƙa shi ka tayar da hannunka. Babu wani shafin ƙwarai da zai ce ka yi haka. Masu Mac ma ana yi musu irinta ta Terminal, don haka maganar cewa Mac ba ya kamuwa a ajiye ta. Tun 2012 wata cuta mai suna Flashback ta kama kusan 600,000 daga cikinsu.

Laftaf ɗin da yara ko ƙanne ke taɓawa, buɗe musu asusu na daban marar ikon shugaba, ta yadda ba za su ɗora komai ba sai da kalmar sirrinka. Ni kaina yanzu da irin wannan asusun nake aikin yau da kullum. Kalmomin sirri kuma na kwashe su daga birauza zuwa manhajar adana su, kowane asusu da tasa, na kuma kunna tabbatarwa mataki biyu a duk inda ta samu. Ba ta hana satar kukis, amma tana hana wanda ya samu kalmar sirri kaɗai.

Ajiyar ko-ta-kwana ce kawai ke sa mai neman fansa ya zama abin dariya. Ina da kwafin fayilolina a gajimare, wato ma'ajiyar intanet, da wani a hadis na waje. Hadis ɗin nan ba ya kwana a jikin laftaf, domin duk abin da ke haɗe da kwamfuta lokacin da cutar ta tashi, tare za a kulle su. Ranar Lahadi nake jona shi, in kwafa, in zare, in mayar aljihun tebur. Lokaci-lokaci nakan buɗe fayil biyu ko uku daga ciki in ga ko suna aiki, saboda na taɓa tarar da wata folda da na yi wata huɗu ina zaton tana kwafuwa, ashe babu komai a cikinta.